Ƙauyen Nok da Tarihinsa Biyu

Da wuya a sami ɗalibin da ya ratsa makarantar sakandare a ƙasar nan bai taɓa cin karo da sunan Nok ba. Mun haddace shi tare da Ife da Benin da Igbo-Ukwu, mun zuba shi a takardar jarrabawa, mun wuce abinmu. Amma da za a tsayar da mu a ce mu nuna inda Nok take, da yawa daga cikinmu sai su amsa da cewa ai wata al'umma ce da ta shuɗe tun zamanin da ba a rubutu. Alhali kuwa Nok ƙauye ne rayayye, mai hayaƙin girki da kukan zakara, da yara masu tafiya makaranta da safe. Yana cikin Ƙaramar Hukumar Jaba a kudancin Jihar Kaduna, ba nisa da garin Kwoi, kuma wanda ya taso daga Kafanchan ya miƙi hanyar Kwoi ba zai gaji da tafiya ba kafin ya kai gare shi. Duwatsu ne suka yi masa ƙawanya, ƙasarsa kuwa mai ni'ima ce, domin damina tana riga ta Kano da Katsina sauka, tana kuma daɗewa ba ta ɗauke ba.

Wannan ƙauye yana da tarihi biyu. Ɗaya yana binne a ƙarƙashin ƙasa, shi ne wanda duniya ta sani, ta kuma kwashe. Ɗayan yana bisa ƙasa, a bakin mutanen da ke noma ta. Da na biyun za mu fara, saboda shi aka fi tsallakewa.

Mutanen Nok suna kiran kansu Ham, harshensu kuma Hyam. Sunan Jaba da ya fi yaɗuwa Hausawa ne suka laƙaba musu, Turawan mulki suka gada suka sa a takarda, har ya zauna daram a kan ƙaramar hukuma. Da yawa daga cikin masu ilimin Ham a yau sun fi son a kira su da sunan da suka raɗa wa kansu, kuma a ganinmu wannan ba wani abin musu ba ne, domin ko a tsakanin maƙwabta, kiran mutum da sunan da yake so yana cikin ladabi.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa mutane za su bar fili mai sauƙin noma su maƙale wa dutse, inda ɗebo ruwa kaɗai aiki ne? Amsar ba mai daɗin ji ba ce a kunnen Bahaushe, amma ba don haka za mu kauce mata ba. A ƙarni na 19 wannan yanki yana tsakanin Zazzau daga arewa da ƙananan masarautun da ke yi mata biyayya daga kudu da gabas, wato Keffi da Nasarawa da Jama'a. Cikin gaisuwar da waɗannan masarautu ke aika wa Zariya duk shekara akwai bayi, bayin nan kuwa ba daga sama suke faɗowa ba. Da rani ya yi, rafuka suka janye, ciyawa ta bushe, sai mahaya su fita hari a kan ƙauyukan da ba su karɓi Musulunci ba. Doki sarki ne a fili, amma a kan dutse ba shi da wata daraja. Saboda haka al'ummomin wannan ƙasa, Ham da Kagoro da Bajju da Atyap da sauransu, suka mayar da tsaunuka ganuwarsu. Har gobe mutanen Nok kan nuna wa baƙo kogwannin da kakanninsu suka riƙa fakewa a ciki tare da mata da yara da abin da za a ci.

Shaidar wannan zamani ta je nesa ainun. A shekarar 1854 wani Bajamushe mai aikin mishan, Sigismund Koelle, ya buga littafin da ya kira Polyglotta Africana, inda ya tara kalmomin harsuna fiye da 100 daga bakin mutanen da ke zaune a Freetown ta ƙasar Saliyo, galibinsu bayin da aka kuɓutar daga jiragen fataken bayi. A cikin jerin akwai harshen Ham. Wato ke nan tun shekaru 74 kafin a tono siffar yumɓu ta farko a Nok, wani ɗan wannan ƙasa ya riga ya bi hannu zuwa hannu har bakin teku, aka sa shi a jirgi, aka sauke shi a wata ƙasar da bai taɓa jin sunanta ba, ya zauna yana faɗa wa Bature yadda ake cewa ruwa da wuta a harshen uwarsa. Ba mu ce dangantakar Hausawa da mutanen nan hari ce zalla ba. Akwai fatauci, akwai zanguna irin su Kachia da Zangon Katab inda fatake ke yada zango, ana musayar gishiri da kanwa da tufafi da abin da ƙasar ke samarwa. Sai dai duk wanda ke son fahimtar zafin da kan taso a kudancin Kaduna, irin wanda aka gani a Kafanchan a 1987 da Zangon Katab a 1992, ba zai fahimce shi ba idan ya share batun dutse da doki.

Turawan Ingila sun ci Zariya a 1902. Abin da ya ja hankalinsu ga duwatsun tsakiyar ƙasar nan kuwa shi ne kuza. Kamfanoni suka bazu daga Jos zuwa ƙasar Jama'a da kwarin Nok, leburori na haƙa ramuka suna wanke yashi da tsakuwa domin tace baƙin ma'adinin da ke kwance a ƙasan tsofaffin rafuka. Layin dogo ya ratsa Kafanchan ya isa Jos a 1927, aka sami hanyar kwasar kuza zuwa Fatakwal. A cikin irin wannan rami ne, a shekarar 1928, aka ci karo da wani ɗan ƙaramin kai na gasasshen yumɓu kusa da Nok. Kanar Dent Young, ɗaya daga cikin masu kamfanin da ke haƙa a wurin, ya kai shi ma'ajiyar Sashen Ma'adinai da ke Jos, aka ajiye, aka manta.

Bayan shekara 15, wato a wajen 1943, wani ma'aikacin haƙar kuza a ƙasar Jama'a ya tsinci wani kan, mai girma da kyan tsari. Bai ga wani amfani da zai yi masa ba illa ya kafa shi a gonarsa ta doya don ya razana ɓarayin amfanin gona, kuma an ce ya shekara yana wannan aiki. A nan harshen Hausa ya yi mana wani abin ban sha'awa, domin kalma ɗaya ce, mutum-mutumi, muke amfani da ita ga abin da ake kafawa a gona da kuma siffar da gwani ya ƙera. Daga gonar doya kan ya isa hannun Bernard Fagg, wani matashin jami'in mulki a Jos wanda ya karanci ilimin kufai a Ingila. Da Fagg ya gwama shi da na 1928, sai ya ga ido iri ɗaya, hannu iri ɗaya. Ya shiga zagaya ramukan kuza yana roƙon leburori da su daina fasa irin waɗannan abubuwa, su riƙa ajiye masa. Abin da ya taru shi ne ya zama harsashin gidan adana kayan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952.

Masana ilimin kufai suna da wata al'ada, ta raɗa wa tsohuwar wayewa sunan wurin da aka fara gano ta. Da haka ne sunan wannan ɗan ƙauye ya hau kan al'ummar da ta mamaye ƙasa mai faɗin gaske, tun daga Taruga kusa da Abuja, zuwa Wamba, har Katsina-Ala a ƙetaren Binuwai. Ba wanda ya ce Nok ce hedikwatarsu, kuma sunan da suke kiran kansu da shi ya tafi tare da su. Da a ce lebura ya fara sara a wani kwarin daban, da yanzu wani suna muke haddacewa.

To, me aka gani a jikin waɗannan siffofi da har ya girgiza masana? Abu na farko shi ne ido. Ana yin sa kamar kusurwa uku ko rabin wata, gira a lanƙwashe a samansa, ƙwayar idon kuma rami ce da aka huda har ciki. Haka ma hanci da kunne da baki, sau da yawa a huje suke. Wannan ado ne, kuma dabara ce, domin siffofin ba cike suke ba, an gina su ne da nannaɗaɗɗen yumɓu hawa-hawa, kamar yadda mai ginin tukwane ke ta da randa, ramukan kuwa suna bai wa iska da tururi mafita a lokacin gashi don kada abin ya tarwatse. Duk macen da ta taɓa gasa tulu ta san asarar da iskar da ta maƙale ke jawowa. Kai yakan fi girman da ya dace da jiki. Gashi kuwa an ɓata lokaci a kansa: tukkaye, da kitso, da tuntu iri-iri. Ga duwatsun ado jere a wuya da ƙugu da hannu da ƙafa. Akwai mazaje a zaune sun ɗora haɓa bisa gwiwa kamar masu zurfin tunani, akwai masu alamun cuta a fuska ko a jiki, akwai birai da macizai da giwaye, akwai kuma waɗanda rabinsu mutum rabinsu tsuntsu. Wasu kawunan sun kusa kai girman kan mutum sosai, abin da ke nuna cewa dukan siffar ta haura mita guda a tsaye. Gasa abu mai wannan girma ba tare da ya tsage ba, ba aikin ɗan koyo ba ne.

Mun lura cewa da yawa daga cikinmu kan kira su gumaka, daga nan kuma sai a kawar da kai. Mu dai mun zaɓi mu ce siffofi, domin kalmar gunki ta riga ta yanke hukunci a kan abin da ba a gama bincikensa ba.

A shekarun 1960 Fagg ya yi tono a Taruga, ya sami murahun narkar da tama har 13, tare da kashin tama da gutsattsarin siffofi a wuri guda. Awon shekarun gawayin da ke wurin ya kai su ƙarnoni kaɗan kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, wanda ya sanya su cikin tsofaffin wuraren narkar da ƙarfe da aka sani a Afirka ta Yamma. Wani abin lura shi ne, mutanen ba su yar da kayan aikin dutse ba don sun sami ƙarfe. Irin gogaggen dutsen nan da manomi kan tsinta a gona ya ce gatarin aradu ne, ana samun sa birjik a wuraren zamansu, kuma ba aradu ce ta jefo shi ba, hannun mutum ne ya wasa shi.

Bincike mafi zurfi ya zo ne daga shekarar 2005, lokacin da masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig da Nicole Rupp, suka fara aiki tare da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Su ne suka tura farkon wannan al'umma baya zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, suka nuna cewa ƙera siffofi ya kankama ne a wajen shekara ta 900, narkar da ƙarfe ya biyo baya, sannan al'adar ta dushe dab da farkon ƙirgen miladiyya. Sun tace ƙasa sun sami ƙonannun ƙwayoyin gero da wake da ƙwallon atili, wato irin abincin da har yau ake ci a yankin. A 2021 aka buga sakamakon wani awo da aka yi wa ɓaraguzan tukwanensu tare da masana na Jami'ar Bristol, aka tarar da alamar kakin zuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na tukwanen da suka riƙe wani abu da za a iya aunawa. Ashe shekara 3,500 da suka wuce akwai masu cin zuma a waɗannan duwatsu. Ƙashi dai ba a samu, na mutum ko na dabba, saboda ƙasar wurin mai tsami ce, tana cinye shi. Sun kuma lura cewa kusan duk siffofin a farfashe ake samun su, a tare cikin ramuka, ta yadda ake kyautata zaton da gangan aka fasa su aka binne, wataƙila a wani sha'ani da ya shafi mamata.

Sai babbar tambaya: shin Ham na yau jikokin waɗannan maƙera ne? Mutanen Ham da yawa sun riƙe haka hannu bibbiyu, suna alfahari da shi. Fagg da kansa ya yi nuni da kamannin da ya gani tsakanin adon siffofin da irin kitso da kwalliyar wasu mutanen yankin a zamaninsa. Amma tsakanin mai ƙera siffa na ƙarshe da dattijon da ya fi kowa tsufa a Nok akwai shekara kusan 2,000, kuma a cikin irin wannan tazara al'ummomi kan tashi, su cuɗanya, su sauya harshe. Kamanni ba ya zama hujjar jini. Ra'ayinmu shi ne, haƙƙin mutanen Nok a kan wannan gado bai dogara ga tabbatar da nasaba ba. A gonakinsu yake kwance, sunan ƙauyensu yake ɗauke da shi, su ne kuma za su kwana kusa da shi bayan kowane baƙo ya tafi. Wannan ya isa.

Abin takaici, ba haka al'amarin ya gudana ba. A shekarun 1990, lokacin da darajar naira ta faɗi, talauci ya yi katutu a karkara, sai dillalai suka gano cewa attajiran Turai da Amurka na biyan maƙudan kuɗi a kan siffofin Nok. Aka shiga tono babu ƙaƙƙautawa a sassa daban-daban na yankin, matasa na barin noma suna fita da diga da shebur, gonaki suka koma kamar gidan rina saboda ramuka. Irin wannan ta faru ga makamantan siffofi na ƙasashen Katsina da Sakkwato, don haka kada wani ya ɗauka matsalar ta mutanen kudu ce kaɗai. Doka mai lamba 77 ta 1979 ta haramta fitar da kayan tarihi ba da izini ba, amma doka ba ta tsare iyaka da kanta. Mai tono yakan sami abin da bai taka kara ya karya ba, dillali na birni ya ninka, na Turai ya ninka ninkin. Ba za mu ɗora wa talakan da ya ga abincin 'ya'yansa a cikin rami dukan laifi ba. Sai dai asarar da aka yi ta wuce siffar da aka ɗauke. Idan masani ya sami siffa a inda aka binne ta, yakan karanta abin da ke kewaye da ita: gawayin da zai ba da shekaru, tukunyar da ke gefe, zurfin ƙasa, yadda aka jera duwatsu. Mai neman na sayarwa kuwa yakan watsar da duk wannan cikin sa'a guda. Tamkar a yage shafi mai zane daga littafi ne a ƙona sauran. Daga baya ma 'yan jabu suka shigo, suna haɗa gutsattsarin gaske da sabon yumɓu, har ta kai masu saye ba su san abin da ke hannunsu ba.

A watan Afrilu na 2000 aka buɗe wani sabon sashe a gidan tarihi na Louvre da ke Paris, bisa ƙudurin Shugaba Jacques Chirac, kuma cikin kayan da aka baje akwai siffofin Nok da Faransa ta saya daga hannun wani dillali a Beljiyam. A wannan shekarar ce Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa siffofin Nok cikin jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya. Aka yi ta cece-kuce. A 2002 aka daidaita cewa kayan mallakar Nijeriya ne, amma za su zauna a Faransa a matsayin aro na shekara 25, wanda kuma za a iya sabuntawa. Nok kuwa tana da ɗan ƙaramin gidan tarihi na hukuma, amma fitattun siffofin da suka ɗaukaka sunanta suna Jos da Legas da biranen ƙetare. Aikin masanan Frankfurt ma ya gamu da cikas: a watan Fabrairu na 2017 'yan bindiga suka sace Breunig da wani abokin aikinsa a Janjala, cikin Ƙaramar Hukumar Kagarko, suka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawunsu. An sako Jamusawan bayan 'yan kwanaki, kafofin labarai na duniya suka yi ta ambaton sunayensu, mutanen biyu da suka rasu kuwa a jimla ɗaya aka taƙaita su.

Yanzu mu koma bisa ƙasa, ga tarihin da babu dillalin da ke nema, amma shi ma yana zurarewa. A 1910 'yan mishan na SIM suka kafa tasha a Kwoi, kuma cikin shekarun da suka biyo baya akasarin Ham suka karɓi addinin Kirista, suka rungumi ilimin boko da wuri. Kafin nan, kamar sauran maƙwabtansu, sha'anin dodo ne ke riƙe da al'umma: shi ke shigar da yara maza cikin manya, shi ke hukunta mai laifi, shi ke tsara lokacin shuka da na girbi. Wannan ya ja baya ƙwarai, abin da ya saura na kiɗa da rawa da tufafin gargajiya ana ganin sa ne a bikin Tuk Ham da ake yi a Kwoi a lokacin Ista, inda 'yan ƙasa na nesa da na kusa ke taruwa a gaban sarkinsu, Kpop Ham.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye, mu ɗaliban Hausa. Da Hausa 'yan mishan suka yi wa'azi, da ita aka rera waƙoƙin coci, kuma cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932. Abin da mahayan Zazzau suka kasa shigarwa kan dutse da mashi, coci da kasuwa da tashar jirgin ƙasa sun shigar da shi cikin ruwan sanyi. Yau a ƙauyukan Ham akwai gidajen da kaka ke magana da Hyam jika na amsawa da Hausa ko Turanci. Mukan yi murna da bunƙasar harshenmu, kuma ba laifi ba ne, amma ya kamata mu san a kan me yake bunƙasa. Harsuna da dama na tsaunukan tsakiyar Nijeriya a da da goma sha biyu suke ƙirga, ba da goma ba, kuma cuɗanya da Hausa a kasuwa na cikin abin da ya kawar da wannan tsari. Sunayen duwatsu da rafuka, da kirarin zuriya, da waƙoƙin niƙa, da labarin wace zuriya ce ta fara sauka daga tsauni zuwa fili, duk suna cikin ƙirjin tsofaffin da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundin digiri a kai, wanda kuma ke jin Hausa, ba ya bukatar tafinta kafin ya zauna da su.

Abin da ke ciyar da Nok a yau ba yumɓu ba ne, citta ce. Tun zamanin Turawa ƙasar Jaba da Kachia ta shahara da ita, kuma daga nan mafi yawan cittar Nijeriya ke fitowa. Aiki ne mai cin rai: a shuka a farkon damina, a lulluɓe kunya da ganye don riƙe laima, a yi ta cire ciyawa da hannu, a haƙe bayan ruwa ya ɗauke, sannan mata da yara su zauna su tsaga ta gida biyu da wuƙa, a shanya a kan faffaɗan dutse har ta bushe, a ɗura a buhu zuwa kasuwannin Kwoi da Kafanchan. Da kuɗinta aka biya wa yara makaranta, aka yi rufin kwano, aka yi aure. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a cikin ƙasa, manoma da yawa suka rasa amfanin shekara har da irin da za su shuka a ta gaba.